Daga Kura Zuwa Bunkure: Ƙasar Shinkafa Kamar Yadda Kunne Ke Jin Ta

Duk wadda ta saba bin titin Kano zuwa Zariya ta san Kura da ido. Da an wuce Tamburawa, an gota masu gasa masara na Karfi, sai ƙasa ta buɗe, kore ya shimfiɗu hagu da dama iya ganinki, ko da kuwa tsakiyar rani ne, lokacin da sauran ƙasar Kano ta yi fari fat da ƙura. Wasu kuma da hanci suka san garin, saboda ƙamshin shinkafar da mata ke turarawa da hayaƙin ɓuntu da ke tashi a bayan gidaje.

Ni da kunne na je wannan karon. Katin awon yaro a asibiti yana da gurbin nauyi da na allurar rigakafi, amma babu inda ake rubuta irin ƙarar da yaron ke wuni yana kwana a cikinta. Shi ya sa da na sami hutun kwana uku, na sauka wurin ƙanwar mahaifiyata a Kura, na zaga har Bunkure, ina saurare ina rubutawa, in ga in da za a zana wa yankin nan taswirar ƙara, wace kama za ta yi.

RUWAN DA KE TAFIYA SHIRU

Arzikin yankin nan daga madatsar ruwa ta Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwan ke bin babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya isa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da aikin.

Abin sha'awa shi ne ba inji ke turo ruwan nan ba. Gangara kawai yake bi, daga tudu zuwa kwari. Manomi ya sa guntun bututu ya zuƙo shi daga kanal, ya kwarara cikin fangali da kansa. Saboda haka in kika tsaya a tsakiyar gonakin da sassafe, ba abin da za ki ji sai gudun ruwa, da kukan balbela, da muryar wani yana yi wa maƙwabcinsa barka da aiki daga nesa. Na daɗe ban ji shiru mai daɗi irin wannan ba.

Da kin matsa gefe, wajen gonakin da ruwan kanal ba ya kaiwa, sai labari ya canza. Nan injin ban ruwa ke aiki, kowa da nasa, wani na jawowa daga magudana, wani daga 'yar rijiyar burtsatse. Yaran da aka bar wa gadin inji kuwa, a gindinsa suke zama, don nan ne aka kafa 'yar rumfa. Lokacin da shinkafa ta fara nuna, ga wani amon daban: yara na kaɗa gwangwani suna ihu tun hantsi har la'asar, suna korar tsuntsayen jan-baki.

INDA INJI YA FI MUTUM BAKI

Cikin garin Kura, injinan gyaran shinkafa su ne sarakunan ƙara. Rumfunan kwano ne a jere, kowace da injinta, buhuna jibge a ƙofa, samari sun yi furu-furu da ƙurar ɓuntu. Da wannan sana'ar ake aurar da 'ya'ya, ake biyan kuɗin makaranta, ake zuwa Makka. Ba wanda zai je Kura ya ce a kashe inji, sai wanda bai san ciwon kansa ba.

Akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura, kuma masana lafiyar ma'aikata sun yarda da shi. Ki tsaya nesa da mutum gwargwadon tsawon hannunki. In sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki, to ƙarar wurin ta kai wadda ke iya lalata ji. A bakin wata rumfa na yi wa mai injin sallama sau biyu bai juyo ba, sai da yaronsa ya taɓa shi.

Bayan ya rage wutar injin mun gaisa, na ce, "Malam, kunnenka ba ya damunka kuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai mun saba. Da dare ne dai in na kwanta nake jin kamar gyare na kuka a ciki, zuwa safe ya tafi."

Wannan kukan gyaren shi ne ƙarar da kunne ke kaiwa. A can cikin kunne akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, cikinsa da dubban ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su, kamar yadda iska ke kwantar da shinkafa. In an huta sukan miƙe. In abin ya zama kullum, sai su mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ba ciwo, ba jini. Shi ya sa abin da mutum ke kira sabo, sau da yawa jin ne ya fara raguwa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata yarinya ce da aka aiko da shinkafar gida, goye da ƙaninta wanda bai fi wata bakwai ba. Tana tsaye dab da injin don kada a tsallake layinta, kan jaririn na jingine a bayanta, saitin bel ɗin da ke juyawa. Barci yake yi. Mutane kan ce ai ga shi bai dame shi ba. To ido ne ke rufewa in an yi barci, kunne ba shi da murfi.

LAMBOBIN DA YA KAMATA UWA TA SANI

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Raɗa wajen 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60, babur kusa da ke wajen 95. Sai dai lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin ƙarar ya ninka. Inji biyu masu 85 kowanne, in aka tayar da su tare, 88 za su ba da, ba 170 ba. Amma wannan ɗan ƙarin na 3 ya isa ya raba lokacin da kunne zai iya jurewa gida biyu.

Ga ma'aunin da NIOSH, cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta shimfiɗa wa babban mutum a wurin aiki:

Desibel 85: awa 8 a rana.
Desibel 88: awa 4.
Desibel 91: awa 2.
Desibel 94: awa 1.
Desibel 100: minti 15.

Ki lura, wannan na ƙarti ne masu aiki. Jariri ya fi su bukatar a tausaya masa.

Labari mai daɗi shi ne nisa magani ne, kuma kyauta. A fili, duk lokacin da kika ninka tazararki da inji, ƙarar na raguwa da kusan desibel 6. A ce misali injin na ba da 94 a nisan mita ɗaya. A mita biyu ya koma 88, a mita huɗu 82. Da yarinyar nan ta ajiye buhunta a layi ta koma inuwar bishiyar da ke tsallaken hanya, da ta fitar da ƙaninta daga haɗari. A cikin rumfar kwano kam lissafin ba ya cika haka, domin sautin na bugun bango da rufi yana dawowa. Fita waje ita ce dabara.

TSOHON AMON KURA

Tun kafin a san inji, Kura tana da nata sautin. Garin marina ne, wanda turkuɗinsa da rawaninsa ɗan Kura suka yi suna har ƙasar Buzaye. Bayan an rina, mabuga ke shimfiɗa yadin a kan gungume su yi ta bugu da guduma ta itace har ya yi ƙyalli. Ƙanwar mahaifiyata ta ce, "'Yata, mu da bugun nan muke gane hantsi ya yi." Sauti ne mai tsari, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, kamar mata biyu a turmi guda.

Na kawo wannan ne don taswirar ƙara ba ta zama ta gaskiya in ta ɗauki kowane sauti abokin gaba. Bugu, daka, kiran salla, karatun yara a makarantar allo, su ne muryar gari. Aikin taswira shi ne ta nuna inda ƙarfin sauti da daɗewarsa suka wuce abin da jiki ke ɗauka.

TITI BA YA BARCI

Da dare injinan suka yi shiru, sai na gane akwai wanda bai taɓa yin shiru ba: babban titi. Tireloli da tankoki masu zuwa Kudu sun fi son tafiyar dare. A lokacin tumatir kuma, kasuwar Kwanar Gafan kan cika da manyan motoci ana loda kwanduna zuwa Legas, ga oda, ga ihun 'yan dako. Cikin sanyin hunturu, in iska ta kwanta, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, wannan kan lanƙwaso sauti ya dawo ƙasa. Shi ya sa gidan da ba ya jin titi da rana yake jin kowace tirela da asuba.

Ƙarar titi ba ta cika kurmantar da mutum a ɗakinsa ba. Ta wata ƙofar take shiga. Tana yanka barci gunduwa-gunduwa ko mutum bai farka sarai ba, zuciya ta yi ta zabura, kuma bincike ya danganta hakan da hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ce ƙarar titi da dare kada ta wuce desibel 45 a wajen gida. Tun a 1999 ta ba da ma'aunin 30 a cikin ɗakin kwana, da 35 a cikin aji.

Batun aji ba wasa ba ne. A 1975 wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta binciki wata makarantar firamare a birnin New York da ke gefen layin dogo. Ta gano 'yan aji shida da azuzuwansu ke fuskantar jirgin sun kusa shekara guda a baya wajen iya karatu, in aka gwada su da takwarorinsu na ɗaya ɓarin ginin. Da aka sa roba a layin dogon, aka gyara silin azuzuwan, sai bambancin ya ɓace. Yaran ba daƙiƙai ba ne, malamin ne ba sa ji. Duk makarantar da tagoginta ke kallon titin Zariya ta cancanci a yi mata wannan tambayar.

BUNKURE

Daga Karfi hanya ke ratsewa zuwa Bunkure ta nufi Rano. Da kin bar babban titi da 'yan mintuna, kafaɗunki za su sauka da kansu. Ƙauyuka ne tsakanin gonaki, amalanke na tafe a hankali, awaki na ketare hanya. Mai zana taswira daga ofis zai shafa wa yankin nan kore gaba ɗaya ya wuce.

Amma uwa ba a "yanki" take zaune ba, a tsakar gida take. A gidan da na yini, injin markaɗe yana cikin soro, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin wata mai jego. Da magariba shagon cajin waya ya tayar da janareta a gindin tagar ɗakin yara. Daren kuma ana biki a unguwar, an kafa manyan lasifikoki, kuma kin san su wa ke rawa dab da bakinsu: ƙananan yara. A ƙauye ƙarar ba ta da yawa, amma wadda ke akwai kusa take da kan yaro.

YADDA AKE ZANA TA DAIDAI

A 2002 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta wajabta wa biranen da mutanensu suka haura 100,000, da manyan tituna da layukan dogo da filayen jirgin sama, su zana taswirar ƙara duk shekara biyar, su kuma nuna wa jama'a. Yawanci da kwamfuta ake lissafawa: a ƙirga motoci, a san gudunsu da tsayin gine-gine, sannan a fita da na'ura a tabbatar. Wajen haɗa lissafin yini guda, sukan ƙara desibel 5 a kan ƙarar yamma, 10 a kan ta dare, domin ƙarar da ta hana barci ta fi cutarwa.

Mu ma muna da doka. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a 2009. Doka kuwa sai da awo take aiki. Wanda ya ce "ana damunmu" za a ce masa ya yi haƙuri. Wanda ya zo da takarda mai nuna wuri da lokaci da lamba, dole a zauna da shi.

Ga abin da tafiyar nan ta nuna mini taswirar Kura da Bunkure ke bukata kafin ta faɗi gaskiya.

Lokaci. Rumfar inji da ƙarfe 11 na safe da ita da ƙarfe 11 na dare wurare biyu ne. Dole a yi taswirar rana daban, ta dare daban.

Wata. Kaka, lokacin da shinkafa ta shigo, ba ɗaya take da tsakiyar damina ba. Lokacin tumatir ma haka. Taswirar da ba ta faɗi watan da aka auna ba, rabin zance ce.

Wurin tsayawa. A auna inda mutane suke: ƙofar aji, tagar ɗakin kwana, layin masu jiran niƙa. Awo a tsakiyar fili ba ya gaya mana abin da kunnen goyo ke sha.

Na'ura. Akwai manhajojin waya, irin su NoiseCapture da masu bincike a Faransa suka yi wa wayoyin Android. Suna da amfani, amma an ƙera waya ne don ɗaukar murya, kuma waya biyu kan ba da lamba biyu a wuri ɗaya. Sai a yi amfani da waya guda a ko'ina, a gwada ta da na'urar gaske in da hali, a riƙe ta nesa da jiki, a kare ta daga iska, a kuma yi mintuna ana aunawa, a maimaita a ranaku daban-daban. Awon daƙiƙa biyar ba awo ba ne.

TASWIRAR DA INNA ZA TA GANE

Gani ya kori ji, in ji Hausawa, to nan ma sai an mai da abin ji ya zama abin gani. Amma takarda mai launi goma sha biyu da lambobi rututu ba ta da amfani a tsakar gida. Launi uku sun isa. Kore: ana hira ba ɗaga murya. Ruwan ɗorawa: sai an ɗan ɗaga murya, kada yaro ya yini a nan. Ja: sai an yi ihu, ba wurin goyo ba ne. A haɗa kowane launi da hoto, saboda wadda ba ta karatun boko da wanda idonsa ba ya bambance ja da kore.

A sa alamun da mutane suka sani, masallacin Juma'a, gadar kanal, tashar mota, asibiti. A rubuta da boko da ajami. Maimakon "desibel 94", a rubuta "awa ɗaya ta isa". A liƙa a wurin awon ciki da makarantar Islamiyya, a tura a WhatsApp da saƙon murya. Kada kuma a sa sunan kowa. Taswirar da ta zama takardar tona asirin mai inji, ranar da aka liƙa ta za a yage ta. In ƙungiyar masu injin da ta manoma masu amfani da ruwa suna cikin aikin tun farko, su za su fara cewa a matsar da benci.

KAFIN TASWIRA TA ZO

Uwargida, ba sai kin jira hukuma ba. Gobe ki zaga gidanki sau uku, da safe, da yamma, da dare, ki yi gwajin tsawon hannu a inda yaranki ke kwana da inda suke wasa.

In za a aiki yarinya niƙa, a sauke mata goyon.
A matsar da janareta nesa da taga. Wannan zai raba ku da ƙarar, ya kuma raba ku da hayaƙinsa mai kisa.
A wurin biki, ki ja yara baya daga lasifika.
Maigida ko ɗanki da ke aikin inji ya nemi abin toshe kunne na soso da ake sayarwa don wannan aikin. Auduga ba ta tare abin kirki. Su riƙa karɓa-karɓa a gindin injin, kada mutum ɗaya ya yini.

Ki kuma sa ido a kan jin yaronki. Jariri sabon haihuwa kan zabura in an yi ƙara mai ƙarfi. Wajen wata shida yana juyowa inda sauti ya fito. Wajen shekara guda yana amsa sunansa, yana gwada "mama" da "baba". In ba ki ga haka ba, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko babban yaro ya faye cewa "iye?", kada a ɗura masa mai, kada a sa tsinke, kada kuma a yanke masa hukuncin taurin kai. A kai shi asibiti mafi kusa, in ta kama a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum sama da biliyan 1.5 ke da raunin ji a duniya, kuma kaso mai yawa na abin da ke jawo shi ga yara ana iya kauce masa.

Kura da Bunkure suna ciyar da mu, kuma injinansu za su ci gaba da juyawa, Allah ya ƙara musu albarka. Abin da muke roƙo kaɗan ne: taku goma tsakanin inji da goyo, taga ɗaya da aka juya wa titi baya, da dare mai shiru ga mai jego. Ke fa, a unguwarku, wane wuri za ki fara shafa wa ja?